Madugu Ko Garkuwa: Wa Za A Fara Ɗauka?

A daren 18 ga watan Nuwamba na shekarar 1985, mutanen Amurka suna gaban talabijin suna kallon wasa tsakanin Washington da New York Giants, sai wani ƙato mai suna Lawrence Taylor ya auko wa Joe Theismann ta inda ba ya gani. Nan take ƙafarsa ta dama ta karye, har ƙashi ya huda fata. Daga wannan dare Theismann bai sake shiga fili ba.

Masu karatu za su gafarce mu, gama ƙwallon da mu ke magana a kai ba irin tamu ba ce. Tasu mai siffar ƙwai ce, da hannu a ke ɗaukarta, kokawa kuma ta fi shuri yawa a ciki. Kowane gefe mutum 11 ne. Akwai wanda su ke kira kwatabak, mu kuwa za mu ce da shi madugu, domin shi ke ba da umurni, shi ke jefa ƙwallo. A gabansa akwai ƙarti 5, kowannensu ya kai kilo 140 ko kusa da haka, aikinsu su tare abokan hamayya kada su kai gare shi. Waɗannan su ne garkuwa. Madugu mai jifa da dama yakan juya wa hagu baya, saboda haka tun bayan abin da ya sami Theismann darajar mai tsaron hagu ta yi ta hawa.

Kowace shekara ƙungiyoyi 32 na NFL sukan zauna su raba samarin da su ka fito daga jami'o'i, zagaye 7, kuma wadda ta zo ta ƙarshe a gasar bara ita ke fara zaɓe. To, a nan gardama ta ke. Ƙungiyar da ta sha kashi, madugu za ta ɗauka ko garkuwa? Amsar kan jawo wa koci kora, takan kuma jawo wa yaro ɗan shekara 22 ciwon da zai tsufa da shi.

Masu cewa garkuwa tukuna suna da shaida mai ban tausayi. A 2002 sabuwar ƙungiyar Houston ta ɗauki David Carr a lamba 1. Ba su manta da tsaronsa ba, gama sun riga sun samo Tony Boselli, gwanin hagu daga Jacksonville, amma ciwon kafaɗa ya hana shi buga musu wasa ko ɗaya. A shekarar nan kaɗai sau 76 aka kayar da Carr da ƙwallo a hannu, cikin shekara 5 kuwa sau 249. Wanda ya sha irin wannan duka, ai idonsa kan koma ga masu zuwa kansa, ya bar duban wanda zai jefa wa. A 2007 aka sallame shi. Haka ma Andrew Luck, lamba 1 a 2012, gwani ne na gaske, amma a watan Agusta na 2019 ya ce ya gaji da jinya, ya ajiye wasa yana da shekara 29.

Sai dai kuma ga Joe Thomas. Cleveland ta ɗauke shi a lamba 3 a 2007. Sau 10,363 a jere aka ta da ƙwallo yana tsaye a wurinsa, bai fita hutu ko sau ɗaya ba, har tsokar hannunsa ta tsinke a 2017. A zamaninsa da wuya a ce ga wanda ya fi shi. Duk da haka bai taɓa shiga wasannin neman kofi ba, shekararsa ta ƙarshe ma ƙungiyar ta sha kashi a dukan wasanninta 16. Katanga ta yi kyau, amma ba dukiya a cikin gidan. Miami ma ta ɗauki Jake Long a lamba 1 a 2008, ta bar madugu Matt Ryan ya tafi Atlanta, inda ya yi musu shekara 14.

Akwai kuma batun lissafi. Garkuwa mutum 5 ne, abokan hamayya kuwa ba wajen gwanin za su bi ba, ragon cikinsu za su nema. Watau gwani ɗaya ba ya gyara layi. Amma madugu ɗaya ne tak, kusan kowace ƙwallo sai ta bi ta hannunsa. Tun yarjejeniyar 2011 aka kuma ƙayyade albashin sababbin shiga, don haka ƙungiyar da ta dace da madugu yaro takan yi shekara 4 ko 5 tana biyansa da araha, ta kashe rarar a kan masu tsaronsa.

Wani zai ce, ai Tom Brady a lamba 199 aka ɗauke shi a 2000, ya kuma ci kofi 7. Gaskiya ne. St. Louis ma ta ɗauki garkuwa Orlando Pace a lamba 1 a 1997, ta ci kofi a watan Janairu na 2000 da Kurt Warner, wanda ba ƙungiyar da ta zaɓe shi, har ya taɓa jera kaya a kanti a jihar Iowa. Amma wannan tsintuwa ce, ba a kuwa yin kasafin gida da tsintuwa.

A ganinmu, in madugu na ƙwarai yana nan, a ɗauke shi. Laifin Houston ba ɗaukar Carr ba ne, tura shi fili ne ba kariya, shekara bayan shekara. Kansas City ta ɗauki Patrick Mahomes a lamba 10 a 2017, ta ajiye shi a benci kusan shekara guda yana koyo. Ko shi ma, a wasan kofi na Fabrairu 2021, masu tsaronsa na hagu da dama duk suna jinya, sai gudun ceton rai ya yi ta yi, Tampa Bay ta ci su 31 da 9. Ƙungiyar ba ta tsaya kuka ba. Ta sayo biyu, ta ɗauki Creed Humphrey a zagaye na 2, Trey Smith kuma can a zagaye na 6. A Fabrairu 2023 su ka gamu da Philadelphia, wadda ta kayar da madugai sau 70 a gasar, amma ba ta kayar da Mahomes ko sau ɗaya ba, Kansas City ta ci 38 da 35. Da su ka sake gamuwa a Fabrairu 2025, gefen hagu ya sake lalacewa, an jawo mai tsaron ciki ya toshe gurbin. Sau 6 aka kai Mahomes ƙasa, aka tashi 40 da 22.