Abin Da Ke Kashe Wutar Hasken Rana A Gida

A cikin shekarar 1954 waɗansu masana uku na ma'aikatar Bell a Amurka, watau Chapin da Fuller da Pearson, suka nuna wa duniya wani ɗan falle na silikon mai juya hasken rana ya zama lantarki. Bayan shekara huɗu aka liƙa irinsa a jikin kumbon Vanguard 1, ya yi ta aiko da sauti daga sama har 1964, ba mai taɓa shi. Yau ga jikokinsa nan bisa rufin kwano, tun daga zangon Kumasi har Njamena.

Faifan nan ba shi da wani abu mai motsi da zai ci, shi ya sa masu ƙera shi kan yi alkawarin shekara 25. Duk da haka sau da yawa maigida yakan zuba dukiyarsa, kafin shekara biyu fitilu su riƙa mutuwa tun dare bai raba ba. Sai ya ɗora wa faifai laifi, alhali kuwa ba nan cutar take ba.

Abokin gābar faifai ɗaya ne, ƙura. Da hunturu iska kan kwaso ta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta shimfiɗa bisa gilashi, haske ya kasa ratsawa sosai. Maganinta ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe, gama ruwan sanyi bisa gilashin da rana ta gasa yana iya tsaga shi. Kashin tsuntsu ma ba abin raini ba ne, domin ƙwayoyin faifan a jere suke kamar carbi, in aka rufe ɗaya sai ta tauye sauran.

To, amma babbar magana tana wurin batir. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙago batirin dalma tun 1859, har yanzu kuwa halinsa bai sāke ba. Cikinsa fallayen dalma ne a nutse cikin ruwan asid mai farar wuta. Sa'ad da ake shan wuta, wani farin gishiri yakan kama jikin fallayen, in rana ta fito aka cika batir sai ya narke ya koma. In kuwa aka tatse batir ƙarƙaf, aka bar shi kwana da kwanaki bai cika ba, gishirin sai ya daskare ya ƙi narkewa, wurin da ya kama ya mutu ke nan. Saboda haka masana suka ce kada a sha fiye da rabin abin da ke ciki. Batiri mai bolt 12, in ya huta ma'auni ya nuna 12.7 a cike yake, in ya nuna wajen 12.2 an kai rabi. Mai jona firji da dutsen guga ga batir guda, shi ya yanka wa kansa.

Zafi ma yana cinsa. Kowane ƙarin digiri 10 bisa 25 yakan rage kwanansa wajen rabi, ga shi kuwa ɗakin kwano a Sudan ko Makka yakan wuce 40. A nema masa inuwa, inda iska ke shiga.

Irin mai marufai a ka, a duba ruwansa kowane wata, kada fallaye su fito sarari. Ba a ƙara asid, ruwa ne kaɗai ke ƙafewa, sai dai ba na rijiya ko na famfo ba, saboda gishirin da ke ciki. Ruwan da aka tara daga tururi ake zubawa. Batirin litiyam na zamani ba ya bukatar wannan, amma kuɗinsa ya fi. Mai dubawa kuma kada ya kusato da ashana ko aci-balbal, gama batirin dalma yana fid da iskar haidirojin sa'ad da yake cika, ita kuwa da ta ga wuta sai ta fashe.