Yauƙin Daddawa da Hanyar Tace Shi

Duk macen da ke sana'ar daddawa a Beli, ko sauran garuruwan ƙasar Rogo da Ƙaraye, ta san cewa idan an dafa kalwa, an surfe, an rufe ta da ganye kwana biyu zuwa uku, sai ta ɗau zafi, ta yi wari, ta yi yauƙi. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira Bacillus subtilis, suke fitar da wannan yauƙi. Su ne kuma ke sa yauƙin natto, wato daddawar waken soya ta mutanen Jafan.

Mai daddawa ɗanɗano take nema. Masana'antu kuwa yauƙin suke so tsantsarsa, domin yana riƙe ruwa ƙwarai, har ana sa shi cikin man shafawa. Saboda haka sukan reni ƙwayoyin cikin manyan tankuna na romo.

A nan wahalar take, domin romon kan yi kauri har ya ƙi sakin ƙwayoyin. Dabarar ita ce a zuba asid ya tsinke, sa'an nan a wujijjiga shi cikin na'ura, ƙwayoyin su kwanta a ƙasa. Ruwan da aka tsiyaye sai a haɗa shi da barasar itanol mai sanyi, ninkinsa uku ko huɗu, yauƙin ya dunƙule. Daga nan a sake narkar da shi, a fitar da gishiri, a busar ya zama farin gari. Itanol ɗin na da tsada, shi ya sa ba a zubar da shi. Akan turara shi a sake amfani da shi.