Tsiren Bakin Hanya: Kasuwar Mai Kiwon Kaji

'Yan uwa masu shirin kiwo, duk sanda na tashi daga Geza zuwa Tsamiya, iyakar Benin, tsire nake ci, mai arha, ya sha ƙuli-ƙuli da citta da barkono. Na lura direba da fasinja ba sa sayen kaza guda, tsinke biyu-uku suke ɗauka su wuce.

To, nan kasuwarku take. Buroila in ta wuce sati 6 ba a sayar ba, ribarka take ci kullum. Kafin ka zuba 'yan tsaki, je ka zauna da mai tsire, ku daidaita kan tsoka, ƙundu da hanta. Mai tarwada kuma ya nemi masu banda a Lolo. Samo mai saye tukuna, sannan ka sayi buhun abinci.