Ko Kun Sani? Gwamnan Soja da Ya Koma Lauya

Kanar Yohanna Madaki, ɗan kudancin Kaduna, soja ne da ya karanta shari'a. Janar Ibrahim Babangida ya naɗa shi gwamnan soja na tsohuwar Jihar Gongola a 1985. A 1986 ya tuɓe Sarkin Muri, Alhaji Umaru Abba Tukur, matakin da ya girgiza masarautun Arewa. Sarkin bai haƙura ba, ya garzaya kotu. Shari'ar ta kai har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke a 1989 cewa Babbar Kotun Tarayya ba ta da hurumin sauraron rikicin sarauta. Har yau lauyoyi suna kafa hujja da wannan hukunci.

An mayar da Madaki Jihar Binuwai, amma bai daɗe ba aka yi masa ritaya. Ya koma Kaduna ya kama aikin lauya gadan-gadan, ya yi suna wajen kare haƙƙin ɗan Adam. Ya rasu a 2006. Ita kuwa Gongola, an raba ta zuwa Adamawa da Taraba a 1991.