Dashen Madubi a Cikin Ido da Haɗarin Yana Bayan Shekaru

Rashin ganin nesa mai tsanani yana samuwa ne idan ƙwayar ido ta yi tsawo fiye da kima daga gaba zuwa baya. Tsawon idon babban mutum mai lafiya yana kusa da milimita 24, amma na mai wannan lalura yakan kai milimita 26 ko ya zarce. Sai hasken da ke shiga idon ya taru tun kafin ya isa tantanin da ke can baya, abin da ke nesa kuma ya koma dishi-dishi. Likitocin ido suna auna ƙarfin tabarau da ma'aunin diyofta, kuma daga -6 zuwa sama ne akan ce lalurar ta yi tsanani. Mai -12 ko -15 ba ya iya gane fuskar wanda ke tsaye a gabansa sai da tabarau mai kauri da nauyi.

Aikin LASIK yana gyara gani ta hanyar fere bawon gaban ido da hasken lesa, amma idan lalurar ta yi yawa ko bawon ya yi siriri, ba a samun isasshen abin ferewa. A nan ne ake komawa ga dashen madubi. Wannan aiki ya bambanta da aikin yana da aka saba ji, domin ba a cire madubin halitta na cikin ido, ana sa masa wani ne a gabansa. Iri biyu suka fi shahara. Akwai Artisan, wanda likitan ƙasar Holan Jan Worst ya ƙirƙiro, ana maƙala shi a jikin baƙin ido ta gaba. Akwai kuma ICL na kamfanin STAAR Surgical, madubi mai laushi da ake naɗewa a tura ta ƙaramar tsaga, ya zauna a bayan baƙin ido, dab da madubin halitta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na farko a 2004, na biyu kuma a 2005.

Wannan kusanci na ICL da madubin halitta shi ne tushen maganar yana. Madubin halitta ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, abincinsa yana zuwa ne daga ruwan da ke gudana a gaban ido. Idan madubin da aka dasa ya taɓa shi, ko ya tare hanyar ruwan, sai gabansa ya fara dusashewa a ƙarƙashin jakar da ta lulluɓe shi. Shi ya sa likitoci suke mai da hankali kan tazarar da ke tsakanin madubai biyun. An fi son ta kasance tsakanin maikiron 250 zuwa 750, wato kwata zuwa kashi uku cikin huɗu na milimita ɗaya. Idan ta gaza haka, haɗarin yana ya ƙaru, idan kuma ta wuce, ana tsoron hawan jinin ido. Tazarar ba ta tsayawa yadda aka bar ta ranar aiki, domin madubin halitta yana ƙara kauri muddin mutum yana raye, sai ta riƙa raguwa kaɗan-kaɗan kowace shekara. Yanar da ta fito cikin watannin farko galibi taɓawar kayan aiki ce ta haddasa ta, wadda ta fito bayan shekaru kuwa ta fi alaƙa da raguwar tazara da tarewar ruwa.

Wani bincike da aka yi a asibitin ido na Jules-Gonin da ke Lozan a ƙasar Suwizalan, wanda aka buga a 2016, ya bi idanu 133 da aka yi wa dashen tsohon samfurin ICL. Bayan shekara 5, kusan kashi 41 cikin 100 sun nuna alamar dusashewa, bayan shekara 10 kuma kusan kashi 55. Sai dai yawancin wannan dusashewa ba ta kai ta hana gani ba. Waɗanda sai da aka yi musu aikin cire yana sun kai kusan kashi 5 a shekara 5, da kashi 18 a shekara 10. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 40 lokacin aikin, da wanda lalurarsa ta wuce -12, da wanda tazararsa ta yi ƙanƙanta. Ko ba a yi dashe ba, idon da ya yi tsawo sosai yakan yi yana da wuri fiye da sauran idanu, don haka ba kowace yana ce ake ɗora wa madubin ba.

Likitan ƙasar Japan Kimiya Shimizu ne ya kawo gyara mafi muhimmanci, inda ya huda ɗan rami mai faɗin milimita 0.36 a tsakiyar madubin ICL don ruwa ya riƙa ratsawa. Wannan samfuri ya samu izini a Turai a 2011, a Amurka kuma a 2022 da sunan EVO. Ramin ya kawar da buƙatar huda baƙin ido da lesa kafin aiki, kuma binciken da aka yi a kansa ya nuna yana ta ragu ƙwarai idan aka kwatanta da tsohon samfuri. Da yake mafi yawan masu yin aikin matasa ne, madubin zai zauna a idonsu shekara talatin ko fiye, saboda haka ana ci gaba da bibiyarsu.

Alamomin yanar sun haɗa da hazo-hazo a gani, kashe ido da fitilun mota ke yi da dare, da wahalar karatu cikin haske mai ƙarfi. Ana shawartar duk wanda aka yi wa dashe ya ga likitan ido sau ɗaya a shekara, a auna tazarar, da ƙarfin ruwan ido, da yawan ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin bawon gaba. Wanda ya yi aikin a ƙasar waje ya kamata ya adana takardar da ke ɗauke da samfurin madubin da girmansa, domin likitan gida zai buƙace ta.

Idan yanar ta kai ga hana gani, ana ciro madubin da aka dasa, a cire yanar, a sa madubin roba na dindindin, duk a zama ɗaya, kuma gani yakan dawo da kyau. Abin da ake rasawa shi ne ikon madubin halitta na daidaita gani tsakanin kusa da nesa, don haka mai shekara 35 zai iya komawa ga tabarau na karatu. Dogon ido kuma ya fi saurin ɓallewar tantanin baya bayan aikin yana, shi ya sa ake bincika tantanin da kyau kafin aikin da bayansa.