Murfin Tankin Tsohon Babur: Rufewa da Numfashi

Masu riƙe da tsofaffin babura, irin su Honda CG125 da ta fito a tsakiyar shekarun 1970, ko Suzuki A100, ko Yamaha YB100, sun iya lallaɓa inji. Suna sauya fulogi, suna wanke kafireto, suna juye baƙin mai a kan kari. Abin da ba kasafai ake yi ba shi ne a kifa murfin tanki a tafin hannu a duba cikinsa. A can akwai wani zoben roba, kaurinsa 'yan milimita ne kawai, kuma a babura da yawa tun wanda kamfani ya sa ne, ya shekara talatin ko arba'in yana shan fetur da rana. Idan ya mutu, babur yakan kamu da cutar da za a yi ta nemanta a inda ba ta.

Tsofaffin baburan nan ba su da famfon da ke tura mai. Tanki yana sama, kafireto yana ƙasa, fetur da nauyinsa yake gangarowa ta tiyo. To amma duk fetur ɗin da ya fita, sai iska ta shigo ta maye gurbinsa. Mai shayi ya san wannan: idan zai zuba madarar gwangwani, huda biyu yake yi, ɗaya ta madara ɗaya ta iska, in ya yi guda sai madarar ta riƙa fitowa da ƙyar. Huda ta biyu a babur tana jikin murfin tanki. Wata 'yar ƙofa ce da ba ta wuce bakin allura ba, an karkata hanyarta ta cikin murfin domin iska ta wuce amma fetur ya kasa fantsamowa. Saboda haka aikin murfi biyu ne: robar ta toshe gefen bakin tanki ruf, 'yar ƙofar kuma ta kasance a buɗe.

Roba ba ta dawwama. Fetur yana tsotse sinadaran da ke sa ta laushi, zafi yana gasa ta, sai ta ƙandare, ta tsage, ko ta lotse ta daina tasowa. Alamar farko wari ne, musamman idan babur ya kwana a zaure. Sai kuma danshi a kewayen murfi bayan an cika tanki an bi hanya mai gargada, da fentin wurin da ke dusashewa yana ɓamɓarewa. A bazara abin ya fi muni. A Sakkwato ko Maiduguri zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, tankin ƙarfe da ke cikin rana kuma ya fi haka zafi, alhali sassan fetur mafi sauƙi tun wajen wannan zafin suke zama tururi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ba wanda zai so ya sayi fetur ya bar wa iska.

Fitar man ma da sauƙi a kan abin da ke shiga. Da hunturu ƙura ce, da damina ruwa, ko kuma ruwan wankin babur. Litar fetur tana da nauyin kusan giram 750, ta ruwa kuwa 1,000, don haka ruwa ƙasan tanki yake kwanciya, ya zauna yana cin ƙarfe. Shi ya sa wani babur yake tafiya lafiya, amma da an murɗa famfon buɗe mai na ƙasan tanki zuwa rizab sai ya kama tari ya mutu: rizab daga can ƙasa yake ja, inda ruwa da tsatsa suka taru.

Daga nan ne dabarun gida ke shigowa, kuma su suka fi ba ni haushi. Mutum ya ga murfi na yoyo, sai ya ninka leda ya shimfiɗa a bakin tanki ya danne da murfi. Yoyo ya tsaya, gaskiya ne, amma ya toshe hancin babur. Zai tashi lafiya, ya yi 'yan kilomitoci, sai inji ya fara shaƙewa ya mutu kamar mai ya ƙare, alhali ga mai a tanki. A tura shi gareji, a kwance kafireto, a sauya fulogi, a zargi 'yan bumburutu da sayar da gurɓataccen mai. Gwajin kuwa ba ya cin ko kwabo: da ya mutu, a buɗe murfi a kasa kunne. In aka ji iska ta ce fuu, babur kuma ya tashi bayan ɗan lokaci, to matsalar a murfi take. Haka nan idan aka ajiye irin wannan babur a rana, tururi ya rasa mafita, yakan tura fetur da ƙarfi har kafireto ya yi ambaliya.

Dabara ta biyu ita ce yanko zobe daga tsohon tif na taya. A ido ya yi daidai, amma robar tif an yi ta ne don riƙe iska, fetur kumbura ta yake yi har ta yi laushi ta fara marmashewa, gutsattsarinta su gangara su toshe matatar famfon mai. Robar da ke jure fetur ita ce naitiril, wadda aka ƙirƙiro a Jamus a shekarun 1930, sai Viton da kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro, wadda ta fi ta juriya da tsada. Tsofaffin baburan Ingila irin su BSA da Triumph da yawa ma ba roba suka zo da ita ba, ɓawon wata bishiya ne mai laushi, irin wanda ake toshe kwalba da shi. Da wuya mai shago a Ƙofar Ruwa ko Fanteka ya iya gaya maka irin robar da ke hannunsa, to ka gwada da kanka. Sayi biyu, ka jefa ɗaya a 'yar kwalbar fetur ta kwana. In da safe ta kumbura ko ta yi yauƙi, ba ita ba ce.

Aikin kansa bai kai rabin awa ba. A kafe babur a ƙafarsa ta tsakiya, a fili mai iska, nesa da murhu da mai shan taba, kuma inji ya huce. A cire murfi, a cusa tsumma mai tsabta a bakin tanki. Da ƙaramar sukundireba a ɗago tsohuwar robar a hankali. In ta ƙandare gutsi-gutsi za ta fito. Wasu murafan suna da faranti da sifirin a ƙarƙashi, to a lura da yadda aka jera su kafin a warwatsa. A tafi kasuwa da murfin da tsohuwar robar, domin faɗin ciki da na waje da kauri duk sai sun dace. Kaurin ne ake yawan kuskurewa: in ya yi yawa murfi ba zai kulle ba sai da ƙarfi, kunnuwansa su lanƙwashe, in ya gaza kuma yoyo na nan.

Kafin a sa sabuwar, a goge ramin da za ta zauna, a shafa yatsa a leɓen bakin tanki. Tsatsa ko lotsawa a wurin za ta ci sabuwar roba ko ta bar kafa, sai a bi shi da samfefa mai laushi, tsumman yana ciki don kada gari ya faɗa. Sannan a nemo ƙofar iskar, a zura mata silin waya guda daga tsohuwar igiyar birki, a hura a tabbatar iska na wucewa. Idan sabuwar robar ta yi tauri, a tsoma ta a ruwan ɗumi, a tsane ta sosai, a ɗan shafa mata baƙin mai, a danna ta da yatsu ta zauna ko'ina daidai ba tare da ta hau kan ƙofar ba. Kada a sa gam ko silikon, fetur zai jiƙa shi ya ɓalle ya bi tiyo.

A zuba mai, amma a bar sarari a wuyan tanki domin fetur yana ƙaruwa da zafi. A girgiza babur hagu da dama, a shafa takarda a kewayen murfi. In ta fito a bushe, a hau a yi tafiyar minti goma sha biyar, a tsaya a buɗe a saurara. Shiru ake so.

Wasu za su ce ai sabon murfi ba shi da tsada, me ya sa wannan wahala? In na asalin ya tsage ko makullinsa ya lalace, a saya. Amma in lafiyarsa ƙalau, ƙarfensa ya fi na yawancin kwaikwayon da ke kasuwa, kuma shi aka ƙera wa bakin wannan tankin. Ka riƙe murfinka, ka sauya masa roba, ka cire ledar nan tun yau.