Ginin da aka fara zanawa a kan rairayi

Idan kana yawan leƙa Instagram ko TikTok, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da hoton Uluru ba, wannan jan dutse mai tsayin mita 348 da ke tsakiyar hamadar Ostireliya. Amma akwai wani gini kusa da shi wanda ba kasafai za ka ga hoton cikinsa ba. Ba rashin kyau ba ne, masu wurin ne suka ce kada a ɗauka.

Masu wurin su ne Anangu, 'yan asalin yankin, waɗanda suke zaune a can dubban shekaru kafin zuwan Turawa. A 1873 wani Bature, William Gosse, ya raɗa wa dutsen suna Ayers Rock, kamar dai ba shi da suna a da. Daga baya wurin ya zama dandalin 'yan yawon buɗe ido, baƙi na ba baƙi labarin dutsen, masu shi suna gefe. Sai ranar 26 ga Oktoba, 1985 gwamnati ta mayar wa Anangu takardun mallakar ƙasarsu, bisa sharaɗin su ba hukumar gandun daji hayarta na shekara 99, a riƙa kula da ita tare.

To, ƙasa ta dawo, saura baki. Anangu suka nemi a gina cibiyar al'adu inda za su yi wa baƙo bayani da kansu. Aka ba wani mai zanen gine-gine daga Melbourne, Gregory Burgess, aikin. Maimakon ya zana a ofis ya kawo musu su sa hannu, sai shi da abokan aikinsa suka tare a ƙauyen Mutitjulu na tsawon makonni. Dattawa maza da mata suna ba da labari, suna zane da yatsa a kan rairayi, su kuma suna saurare. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga wannan zama ne siffar ginin ta fito. A cikin Tjukurpa, wato dokoki da labarin asalin Anangu, akwai Kuniya, wata mesa, da Liru, maciji mai dafi. Mayaƙan Liru sun soke ɗan ɗan'uwan Kuniya, ita kuma ta zo ta rama a gindin dutsen. Shi ya sa cibiyar ta zama gini biyu masu lanƙwasa kamar macizai, suna fuskantar juna, da fili a tsakaninsu. An yi bangon da tubalin laka na ƙasar wurin, don haka launinsa ya saje da na hamadar. An buɗe ta a 1995, shekara 10 cif bayan mayar da ƙasar.

Yau baƙo kan fara bi ta nan kafin ya nufi dutsen. Zai ji labarin daga bakin masu shi, ya ga zane-zane da sassaƙan da masu fasahar Anangu suke sayarwa. Shekara da shekaru suna roƙon a daina hawa dutsen saboda tsarkinsa a wurinsu, wasu baƙi na ji, wasu na yin kunnen uwar shegu. A 2017 kwamitin kula da gandun, wanda Anangu ke da rinjaye a ciki, ya yanke hukunci, aka kuma rufe hawan a Oktoban 2019.

Batun hana hoto fa? A al'adar Anangu akwai ilimin da ba a yaɗa shi barkatai, kuma ana kauce wa nuna hoton wanda ya rasu. Mutanen da aka tambaya kafin a kafa tubalin farko su ne suke da ikon cewa ga abin da zai fita, ga wanda zai tsaya a gida. Don haka duk ranar da Allah ya kai ka can, ka mayar da waya aljihu, ka buɗe kunne.